Gaskiya ko Jita-jita: Abin da Muke Faɗa Kan Gidajen Likita na Ƙasar Arewa ta Nijar

Daga Sukukutane zuwa Dogon Kiriya, daga Matankari zuwa Gesheme, da wuya a sami gidan da bai taɓa kai yaro ko mai ciki gidan likita ba. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san yadda ake tafiyar da wannan wuri da muke kira CSI: wa ke biyan kuɗin magani, daga ina umarni ke zuwa, kuma me ma'aikata ke koyowa idan an ce sun tafi horo. Inda bayani ya yi ƙaranci, zato ne ke cike gurbinsa, kuma yawancin maganganun da ke yawo suna da ɗan tushe na gaskiya a cikinsu. Shi ya sa ya kamata mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Tunda an ce kyauta ne, babu wanda ke biya"

Akwai mai biya, sai dai ba uwar yaro ba ce. A zamanin Shugaba Tanja Mamadu, gwamnatin Nijar ta ɗauke kuɗin tiyatar haihuwa a ƙarshen 2005, sannan a 2006 ta ƙara da kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5, da awon ciki, da tsarin tazarar haihuwa. Yadda aka tsara abin shi ne, CSI ta duba yaro ta ba shi magani daga abin da take da shi, ta rubuta takardar neman biya, takardar ta bi ta gundumar lafiya zuwa Yamai, sannan baitulmali ya mayar da kuɗin. Da wannan kuɗi ne za a sake cika ɗakin magani.

Matsalar da aka daɗe ana fama da ita ita ce jinkirin wannan biya. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai sun bi diddigin tsarin, sun nuna yadda bashin ya riƙa taruwa ana wata da watanni, har shekaru, ba a biya ba. Mu da muke bakin taga ba mu ganin wannan doguwar hanya. Abin da muka ji a rediyo kalma ɗaya ce, kyauta, don haka duk abin da ya saɓa mata sai mu ɗauka cuta ce.

"Idan aka rubuta maka ordinas ka sayo a waje, majo, shugaban CSI, ya sayar da maganin gwamnati"

Ba za mu ce ba a taɓa samun ma'aikacin da ya ci amana ba. Ko'ina akwai na kirki da na banza. Amma babban dalilin da ke sa a miƙa wa uwa ordinas, wato takardar sayen magani, maimakon ƙwaya shi ne wanda muka ambata a sama. CSI tamkar mai shago ce da aka umarta ya riƙa bayar da kaya bashi ga mafi yawan masu zuwa, aka ce za a biya shi daga baya. Idan biyan ya yi jinkiri, kanta za ta bushe ko da mai shagon waliyyi ne. Yara ƙanana su ne mafi yawan masu zuwa likita, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke tashe. A daidai lokacin da buƙata ta fi yawa, a lokacin ne magani ke saurin ƙarewa.

Wannan zargi na saurin yaɗuwa ne saboda muna ganin magunguna a faranti a kasuwa ranar cin kasuwa, sai mu haɗa biyu da biyu. Alhali yawancin waɗannan ta haramtacciyar hanya ake shigo da su daga ƙetaren iyaka, sun sha rana, wasu ma jabu ne. Wanda ke da shakka yana da hanyar bincike: kowane magani a CSI yana da katin da ake rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, kuma wakilan jama'a suna da ikon dubawa.

"Likita ta gwamnati ce, talaka ba shi da ta cewa"

Doka ba haka ta ce ba. Tun bayan taron ministocin lafiya na Afirka da aka yi a Bamako a 1987, aka amince jama'a su riƙa biyan wani abu kaɗan, su kuma sami hannu a tafiyar da cibiyoyinsu. Nijar ta mayar da wannan doka a 1995. Daga nan ne aka sami kwamitin lafiya da kwamitin kula da kuɗi, wanda ake kira COGES, da mutanen gari ke zaɓa. Aikinsu ya haɗa da sa ido kan kuɗin da ke shiga, da sayen magani, da isar da koken jama'a ga majo da gundumar lafiya.

Me ya sa muke ganin kamar ba ruwanmu? Domin a wurare da yawa an zaɓi kwamiti sau ɗaya aka manta da shi, ba a kiran taro, ba a karanta lissafi a bainar jama'a, mata kuwa, waɗanda su ne suka fi kowa zama a layin likita, ba safai ake jin muryarsu ba. Kwamitin da ba a tambayarsa ba ya bayar da bayani. Gyaran wannan yana hannunmu, da hannun masu gari da zaɓaɓɓu ko wakilan hukuma na ƙaramar hukumarmu.

"Abin da aka sanar a rediyo yau, gobe ya fara aiki a ƙauye"

Sanarwa daban, aiwatarwa daban. Sabon umarni yakan fito daga majalisar ministoci, ma'aikatar lafiya ta fassara shi zuwa takardun aiki, ya sauka hukumar lafiya ta jihar Dosso, daga nan zuwa gundumar lafiya ta Dogon Dutsi ko ta Tibiri, sannan ya iso CSI da ƙananan ɗakunan lafiya na ƙauyuka. Kyautar kula da yara da aka zartar a 2006 sai a 2007 ta game ƙasa. Akwai kuma umarnin da ke zuwa da ranar farawa a fili, kamar na watan Agustan 2024, wanda ya rage kuɗin kula da lafiya da rabi a cibiyoyin gwamnati daga 1 ga Satumba, ya kuma mayar da haihuwa kyauta.

Ruɗani na zuwa ne idan labari ya bi ta WhatsApp da bakin kasuwa, ya tashi daga "an rage" ya koma "an yafe duka". Uba ya zo babu ko dala a aljihu, ma'aikaci ya ce sai ya biya, sai rigima ta kaure alhali kowa na ganin shi ke da gaskiya. Maganin wannan mai sauƙi ne: a liƙa jerin farashi inda kowa zai gani, a bayyana shi da Hausa, mu kuma mu riƙa karɓar rasit a kan duk abin da muka biya.

"Ma'aikacin ɗakin lafiya da rele ba su san komai ba"

Ma'aikacin ɗakin lafiya da rele, wato ɗan gari mai taimaka wa ma'aikatan lafiya, ba likitoci ba ne, kuma ba a ce su zama likitoci ba. An horar da su ne kan 'yan cututtukan da suka fi kashe yara: zazzaɓin cizon sauro, gudawa, ciwon haƙarƙari da tamowa. Mu lura da aikinsu kusa. Ana tsira wa yaro yatsa, a ɗiga jini a ɗan ma'auni, a jira kamar minti 15. Layi biyu na nufin akwai zazzaɓin sauro, layi ɗaya babu. Ana ƙidaya numfashinsa na minti guda. Ana zagaya damtsensa da ma'auni mai launi uku, idan ya faɗa ja a tura shi gaba nan take. Sanin inda iyakarsu take wani ɓangare ne na horon, don haka idan suka ce a tafi CSI ko asibitin Dutsi, aikinsu suka yi.

Sakamakon ya fito a ƙididdiga. An gina ɗakunan lafiya kusan 2,000 a Nijar tsakanin 2000 da 2007, kuma binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2012 ya nuna mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara 5 ta sauka daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Kusanto da magani ga ƙauye na cikin dalilan da aka ambata. Raini na zuwa ne don ma'aikacin ɗan gari ne, mun san shi tun yana ƙarami, kuma mun saba auna gwaninta da allura.

"Horo yawon cin kuɗin guzuri ne kawai"

Haushin wanda ya yi tafiyar awanni a amalanke ya tarar an ce ma'aikaci ya tafi Dutsi ko Dosso, haushi ne mai dalili. Gaskiya ne kuma ana biyan kuɗin guzuri, kuma yawan tarukan horo na iya barin cibiya mai ma'aikaci ɗaya ko biyu a rufe. Wannan gyaran tsari yake buƙata.

Amma ilimin magani ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kulorokin da iyayenmu suka sani ya daina tasiri, aka sauya shi. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa gwaji kafin a ba da maganin zazzaɓi. A 2012 ta amince da maganin rigakafin damina na yara masu wata 3 zuwa 59, wanda ake bayarwa wata-wata: kashin farko a gaban mai rabawa, na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa. A Satumban 2024, a Gaya cikin jiharmu ta Dosso, aka ƙaddamar da allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sai da aka koya wa ma'aikata, har da yadda za su cika rajista da rahoton wata, waɗanda da su ake lissafa kason magani da allurar da za a aiko mana, da su kuma ake gano ɓullar sanƙarau ko ƙyanda da wuri.

Don haka, 'yan uwa, kafin mu yanke wa ma'aikaci hukunci, mu tambayi sunayen 'yan kwamitin cibiyarmu, mu nemi a kira taro a karanta lissafi, mu adana katin rigakafin yaranmu, mu kuma karɓi rasit. Wanda ya san haƙƙinsa ya san kuma inda zai kai ƙara idan an tauye shi.