Sarar Maciji A Gonakin Rano Da Kibiya: Yadda Wayar Aljihu Za Ta Taimaka Ba Tare Da Kashe Kuɗi Ba

Da zarar damina ta kankama, matasan Rano da Kibiya kan koma gona, wasu kiwo, wasu kuma yawon hawan duwatsun Rurum domin ɗaukar hoto. A daidai wannan lokaci, har zuwa kaka, macizai suka fi fitowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa maciji na sarar mutum kusan miliyan 5.4 duk shekara, tsakanin 81,000 zuwa 138,000 kuma na rasa rayukansu. A shekarar 2017 ta saka matsalar cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Waya ba ta maganin dafi. Aikinta shi ne rage lokacin da ake ɓatawa kafin a kai mutum asibiti, kuma ko ƙaramar Android ta hannu za ta iya, muddin an shirya ta tun a gida.

Shirin da ake yi kafin a fita

Abu na farko shi ne taswira. GPS na waya daga tauraron ɗan'adam yake karɓar bayani, don haka yana aiki ko babu data, ko babu sabis. Abin da ke buƙatar intanet shi ne hoton taswirar kansa. A Google Maps akwai wurin sauke taswira ta yadda za ta buɗe ba data. Sai a zaɓi yankin da ya haɗa Rano, Kibiya da Bunkure, a sauke sau ɗaya a inda ake da Wi-Fi ko garaɓasar datar dare.

Na biyu, lambobi. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kuma kyauta ce. Amma a ƙauye kamar Saji ko Tarai, mai babur na kusa ya fi saurin zuwa. Yana da kyau a ajiye lambar ɗan acaɓa biyu, ta wani mai mota, da ta ma'aikacin lafiyar unguwa. A kuma rubuta su a takarda a saka bayan murfin waya, saboda ranar da caji ya ƙare.

Na uku, a shiga saitin gaggawa na waya a rubuta rukunin jini da lambar ɗan'uwa. Wannan bayani yana fitowa ko wayar na kulle. Wayoyi masu Android 12 zuwa sama kuma suna da tsarin da ake danna maɓallin kunnawa sau biyar a jere, wayar ta kira lambar gaggawa.

Na huɗu, tambaya tun ana lafiya. Wanda zai yi damina a gona ya leƙa Babban Asibitin Rano ko na Kibiya ya ji inda ake samun allurar kashe dafin maciji mafi kusa.

Tattalin caji da kati

Inda sabis ke da rauni, waya na ta lalube, shi ya sa batir ke zuba. Mafita ita ce a saka ta a yanayin jirgin sama, a rage hasken fuska, a kunna ta sai da buƙata. Wanda ke ƙarar da caji a TikTok a ƙarƙashin bishiya da hantsi, ba shi da tocila da magariba, lokacin da aka fi taka maciji a hanyar gida.

Fawa bank mai 10,000mAh ba ya ba da duk abin da aka rubuta a jikinsa, domin wani kaso na ɓacewa wajen juya wuta. Zai cika waya mai batir 5,000mAh sau ɗaya da ɗan ƙari, kuma wannan ya isa wuni guda.

Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, da yawa sun daina barin kati a waya. A bar ko na kira biyu ne. Ana duba ragowar kuɗi da *310#, ana ranto da *303# a duk layuka. Saƙon tes kuma yakan wuce a inda WhatsApp ya tsaya cak.

Idan abin ya faru

A arewacin Najeriya, kububuwa ce ta fi kashe mutane. Dafinta na hana jini daskarewa, kuma mutum zai iya jin kamar ba komai, sai bayan sa'o'i jini ya fara fita ta dasashi ko fitsari. Saboda haka ba a jira a ga alama.

A janye mutumin daga wurin, a kwantar masa da hankali. A cire zobe, agogo ko takalmi kafin kumburi. A kafa wa gaɓar sanda don kada ta motsa, a ɗauke shi a babur tsakanin mutum biyu, kada a bari ya yi tafiya da ƙafa. Kada a ɗaure da igiya ko roba, kada a tsaga, kada a tsotse. Baƙin dutse ba ya zuƙe dafi. Kada a ba shi asfirin ko ibuprofen, domin suna ƙara zubar jini. Farasitamol ya wadatar.

A nan waya ke shigowa. A tura wa mai abin hawa inda ake ta WhatsApp, ko a kwafi lambobin wurin daga taswira a tura ta tes. A rubuta lokacin da saran ya faru. A ɗauki hoton wurin duk bayan ɗan lokaci, domin likita ya ga yadda kumburin ke hawa. Hoton macijin na da amfani idan an samu daga nesa, amma ba a bin sa rami saboda hoto. A asibiti sukan ɗebi jini su ajiye a kwalba mai tsabta na minti 20. Idan bai daskare ba, alama ce ta cewa dafin ya shiga jiki.

Ƙunshin da bai kai kuɗin datar wata ba

Bandeji, farasitamol, sabulu, tsumma mai tsabta da ruwan leda biyu sun isa a ɗaure a leda ɗaya. Ruwan leda biyu lita ɗaya ne. Idan gudawa ta kama mutum a daji, ana zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a ciki, a riƙa kurɓa. Ga wanda ya yanke da lauje ko adda, a danne wurin da tsumma ba ɗagawa har jinin ya tsaya.

Takalmin roba mai tsawo zuwa gwiwa shi ne ya fi komai rage haɗarin, tun da yawancin saran a ƙafa yake. Kuma kafin a fita, a faɗa wa wani a gida gonar da za a je da lokacin dawowa.