Ƙofar da ke cijewa a Yendi: a duba wata kafin a nemi mai

Ƙofar da ake turawa gefe ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Tufaniya ma janta ake yi. Bambancin kawai, ita tufaniya ba ta da taya, ba ta da layin ƙarfe, don haka ba ta da abin cijewa. Ta yanzu kuwa, wadda ake sawa tsakanin falo da ɗakin cin abinci ko a gaban kabad ɗin kaya a sababbin gidajen Yendi, a kan ƙananan tayoyi take tafiya, wasu a ƙasa, wasu a rataye daga sama. Ranar da ta ƙi motsi, sai ka ga maigida ya dafa ta da kafaɗa kamar mai tura motar da ta mutu.

A Yendi, garin sarki Ya Na, mai nisan kusan kilomita 100 gabas da Tamale, ƙofar nan maƙiyanta biyu ne, kowanne da lokacinsa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ke kwaso ƙura, ta haɗu da jan turɓayar gari ta kwanta cikin layin. Tayar da ba ta wuce faɗin bakin kwalbar lemo ba, yashi kaɗan ya ishe ta tsayawa. Haka abin yake a Salaga, haka a Bawku.

Nan ne akasarin mutane ke kuskure. Ƙasa ce ta kaɗanya, saboda haka hannu na fara kaiwa ga man kaɗe, in babu a ɗebo baƙin mai wajen mai gyaran babur. Ƙofar za ta yi santsi kwana biyu, har a yaba wa mai dabarar. Daga nan man ya kama ƙura ya zama kwaɓi mai danƙo, taya ta daina juyawa, ta koma jan ciki tana cinye kanta.

Gyaran gaskiya ya fi wannan araha. A share layin da tsohon buroshin haƙori, a goge da tsumma mai ɗan danshi, a bari ya bushe, sannan a goga kyandir, don shi ba ya riƙe ƙura. In har yanzu ƙofar tana gurzar ƙasa, a duba gefenta daga ƙasa: yawancin ƙofofin alminiyam suna da ɗan rami mai noti a ciki, wanda in aka murɗa shi da sukundireba ƙofar ke ɗagawa ko ta sauka. A daidaita ɓangarorin biyu, kada ta karkace. In hakan bai yi ba, sai mutum biyu su ɗaga ta sama, su janyo gindinta waje, su kwantar da ita. Mai gilashi tana da nauyi, ba aikin yaro ba ne. Sau da yawa abin da ake tararwa zare ne da gashi sun naɗe tayar, ko kuma ta lotse gefe guda. Wadda ta lotse sai canji, kuma a tafi kasuwa da tsohuwar a aljihu, don girmansu ba ɗaya ba ne.

Maƙiyi na biyu damina ce, daga Mayu zuwa Oktoba, kuma ƙofar katako take kamawa. Katakon da kafintocin arewa ke aiki da shi, irin su odum da wawa, daga dazuzzukan kudu ake kawo shi. Yana shan danshin iska ya kumbura, ya kuma tsuke in ya bushe. Ƙofar da ke tafiya lami lafiya a Janairu sai ta maƙale a Agusta.

Kafintan da ya san aikinsa ba ya gaggawar kankare ta. Yakan shafa alli a jikin firam, ya ja ƙofar, ya ga inda allin ya taɓa, sannan ya bi wurin kaɗai da samfefa. In ya zafta da yawa, hunturu na dawowa za a ga tazarar da sauro da ƙura za su riƙa bi. Yakan kuma duba saman ƙofar da gindinta, wuraren da mai fenti ya saba tsallakewa don ido ba ya kaiwa, alhali ta nan katako ya fi shan ruwa. Fentin waɗannan wurare ana jiran rani ne a yi shi, lokacin da katakon ya bushe sarai.