Saitin ƙafar mota: Kuɗin da direbobin Anka, Gummi da Bukkuyum ke biya sau biyu

Direban da ya taso daga Gusau ya ratsa Anka zuwa Daki Takwas, sannan ya nufi Gummi ko Zuru, yakan ga alamar tun kafin ya san sunanta: mota na ja gefe guda, sitiyari ya karkace ko da hanya ta miƙe, tayar gaba kuma ta cinye ta gefe ɗaya. Wannan ne kanikawa ke kira alaimen ya tafi.

Gyaran ba a jikin tayar yake ba. Abin da ake daidaitawa shi ne ƙarafan da ke riƙe ƙafar, musamman tayarod, domin tayoyin su fuskanci gaba daidai, su kuma zauna sosai a kan kwalta. Faɗawa rami ɗaya da gudu, ko lodin buhunan hatsi fiye da ƙima ranar kasuwa, ya isa ya ɓata saitin. Daga nan taya na tafiya tana gogar titi, injin na ƙara shan mai. Alaimen daban, balansin daban. Shi balansin maganin rawar sitiyari ne idan mota ta ɗauki gudu.

Farashin aikin ba a ƙayyade yake ba, ciniki ne. Mai awo da zare ya fi sauƙi, sai dai kusurwa guda kawai yake iya gyarawa da kyau. Na'urar kwamfuta, wadda aka fi samu a manyan birane irin su Gusau da Sakkwato, tana auna duka. Amma ainihin kuɗin yana cikin kayan gyara. Idan tayarod ko bol-joyin ya saki, dole a canza shi tukuna, kuma bakaniken da ya karɓi kuɗin saiti bai girgiza ƙafar ya duba ba, ya ci kuɗin banza.

Jinkiri ya fi tsada. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya a Legas a 2008, Najeriya ta dogara da tayoyin waje, don haka faɗuwar naira tun daga 2023 ta shiga farashinsu kai tsaye. A shekarar ce kuma, ranar 29 ga Mayu, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Direban haya da tayarsa ta mutu da wuri sai ya koma ga ta gwanjo, wadda doka ta haramta shigo da ita, ko da yake ta cika kasuwanni.

A wannan yanki lissafin bai tsaya a aljihu ba. A watan Janairun 2022 'yan bindiga sun kashe mutane masu yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma har yanzu matafiya na gudun dare ya riske su a hanya. Tayar da ta fashe tsakanin gari da gari tana nufin fasinjoji tsaye a bakin daji, suna jiran a ɗaura safaya.