Madugun da ke cikin kai

Kowace shekara idan kaka ta yi, manomi yakan tsaya gaban rumbu ya yi lissafi. Dami kaza na ci ne, dami kaza na iri ne, dami kaza ba mai taɓa shi sai damana ta tsaya. Lissafin daidai yake. Amma kafin bazara an yi suna, an yi aure, an kai tiya goma kasuwa yau, tiya ashirin wani mako. Ranar da ruwan shuka ya sauka, har irin an ci. Hatsin da aka sayar da araha shi za a koma saye da tsada.

Haka mai tarin tibi. An ba shi magani kyauta, an ce ya sha har wata 6. Ya sha wata biyu, ya ji sauƙi, ya fara mantuwa. Ciwon ya dawo, kuma wani lokaci ya dawo da taurin kai, maganin farko ba ya jin sa.

Mutane sukan ce lalaci ne, ko sakarci. Akwai malalata, gaskiya ne. Amma da yawa daga cikin waɗannan mutane sun san abin da ya kamata, kuma suna son yin sa. Tsakanin niyya da cikawa ne igiyar take tsinkewa. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe suna binciken wannan wuri.

Aikin madugu

Ayarin da ke zuwa Bilma ɗaukar gishiri ba ya tafiya sai da madugu. Madugu yana riƙe da hanya a kansa, ya san rijiyar da aka wuce da wadda ke gaba. Idan mutane suka so shanye ruwan salka tun da hantsi, shi ne mai hanawa. Idan aka iske rijiya ta ƙafe, shi ne mai sake shawara, a bi wata hanya.

A cikin kan kowane mutum akwai wurin da ke irin wannan aiki. Yana gaban ƙwaƙwalwa, daidai bayan ƙashin goshi. Shi ke riƙe saƙo har a isar da shi. Shi ke cewa «dakata» idan hannu ya miƙa ga abin da aka ajiye, ko baki ya so faɗin maganar da za a yi da-na-sani. Shi ke canja dabara idan ta farko ta ƙi.

Wani haɗari ya taimaka aka gane haka. A shekara ta 1848, a Amurka, wani shugaban ma'aikatan hanyar jirgin ƙasa mai suna Finiyas Gej yana danna albarushi cikin dutse. Albarushin ya tashi. Sandar ƙarfe mai tsawon fiye da mita ɗaya ta shiga ta kumatunsa na hagu, ta fita ta tsakar kansa. Bai mutu ba. Yana tafiya, yana magana, ya gane mutanensa. Amma likitan da ya yi jinyarsa ya rubuta cewa halinsa ya sake. Mutumin da aka sani da tsari ya koma mai gajen haƙuri. Yakan shirya abu, kafin ya fara ya watsar, ya shirya wani. Masu aikin ba su maida shi kan muƙaminsa ba.

Labarin bai ƙare nan ba. Daga baya Gej ya yi shekaru yana tuƙa keken doki mai ɗaukar matafiya a ƙasar Cile. Aiki ne mai ƙa'ida: lokacin tashi ɗaya, hanya ɗaya, dawaki a ba su abinci a kan kari. Wasu masu bincike suna ganin wannan tsari na kullum ne ya taimaka masa ya sake kama kansa. Ya rasu a 1860.

Wannan sashe na ƙwaƙwalwa shi ne na ƙarshe wajen nuna. Ba ya gama ƙosawa sai mutum ya kai wajen shekara 25. Saboda haka yaro ɗan shekara biyar da aka aika ya sayo gishiri, ashana, sabulu, daddawa da barkono, ya dawo da biyu, bai yi laifi ba. Ko babba, abin da yake iya riƙewa a kai a lokaci guda bai wuce kamar abu huɗu ba, in bai maimaita ba.

Abin da ke gajiyar da shi

Madugu yana gajiya. Wanda bai yi barci ba, da safe sai a same shi da saurin fushi da mantuwa. Babban mutum yana bukatar barcin awa 7 ko fiye, yara kuma sun fi haka. Yunwa tana rage natsuwa. Ƙarancin jini ma haka, ga mata masu ciki da ƙananan yara. Masassarar cizon sauro idan ta hau kan yaro har ya suma, tana iya barin sa da wuyar maida hankali bayan ya warke. Shi ya sa gidan sauro da maganin rigakafin da ake raba wa yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 a kowane wata na damana suke kare karatun yaro tun bai shiga lakkwal ba. Gishiri mai iyod shi ma abincin ƙwaƙwalwa ne.

Sai ƙwayar tramol. Samari suna shan ta don su jure aikin gona ko tuƙin babur. Kwana kaɗan jiki ya saba, ba a iya aiki sai da ita. Tana kawo faɗuwa irin ta farfaɗiya, tana lalata barci, kuɗin da aka yi wahalar nema kuma ita ke cinyewa.

Amma akwai wani abu da ya fi waɗannan yawa a karkara, shi ne tunanin rashi. A 2013 aka buga wani bincike da aka yi a jahar Tamil Nadu ta ƙasar Indiya. Manoman rake 464 aka gwada. Su sau ɗaya suke samun kuɗi a shekara, bayan sun kai rake masana'anta. An yi musu gwajin natsuwa da lissafin hankali sau biyu: kafin girbi, lokacin da bashi ya yi musu yawa har suna jinginar da kaya, da kuma bayan an biya su. Mutanen nan dai su ne, amma bayan biya sun fi cin gwajin sosai. Masu binciken sun duba ko yunwa ce ko gajiyar aiki, suka ga waɗannan ba su isa su bayyana bambancin ba. Abin da suka fahimta shi ne, kan da ke cike da «ina zan samo?» ba ya da sauran wurin riƙe wani abu.

Manomin Maraɗi ko na Tawa ya san wannan hali a watan Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi bai nuna ba. A nan ne ake cin bashin da za a biya ninki biyu da kaka. Shawara mai nauyi, in da hali, gara a yanke ta lokacin da ciki yake cike.

A sauke wa kai kaya

Ana sayar da wasanni a cikin salula, ana cewa suna ƙara kaifin ƙwaƙwalwa. Bincike ya nuna mai yin su yana ƙwarewa a wasan, amma ribar ba ta cika bin sa gona ko kasuwa ba. Abin da ya fi amfani shi ne a rage wa kai kaya, a ɗora su a waje.

Mutanen da sun san haka. Mai hura tana jan layi a bango don kowane bashi. Makiyayi yana ƙulla igiya. Rubutu shi ne babban ɗan'uwan wannan dabara, kuma ga shi a hannun duk wanda ke zuwa makarantar yaƙi da jahilci. Wanda ya iya rubuta lamba da sunan kaya ya riga ya samu abin da zai fara da shi. Kaye ɗaya ya isa. A shafi ɗaya a rubuta damin da aka zuba a rumbu, duk ranar da aka fid da dami a ja layi. A wani shafi a rubuta bashi, da sunan mai shi, da ranar biya. Mai shan magani ya zana gidaje talatin, kowace safiya ya cike gida ɗaya bayan ya haɗiye. Idan ya yi shakka ko ya sha, ba sai ya yi ta jayayya da kansa ba. Takarda za ta faɗa masa.

Niyya ma tana da irin da ke tsira da irin da ba ya tsira. «Zan gyara dangar garka» magana ce da ke iya kai shekara. «Ranar Laraba bayan sallar asuba zan sari ƙaya kai biyu» ta fi kusa da cika, don tana da rana, tana da lokaci, kuma ƙarama ce. An gwada wannan sau da yawa, aka ga wanda ya faɗi yaushe da ina ya fi cikawa. Salloli biyar agogo ne da kowa yake ji, ko ba shi da na hannu. Sai a ɗaura sabon aiki a jikin tsohon: magani bayan asuba, karatun kaye bayan la'asar.

Game da rumbu kuwa, wanda ya san hannunsa ba ya haƙuri, ya sa kwaɗo tsakaninsa da kayan. Irin shuka a raba shi da na ci tun ranar girbi, a ba wani amintacce ajiya. A garuruwa da yawa na Nijar ƙungiyoyin manoma suna yin warantaji: a zuba hatsi ko wake a mangaza, a rufe da kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wajen ƙungiya, ɗaya wajen mai ba da bashi. Manomi ya karɓi rance ya yi sana'ar rani, ya biya, a buɗe masa kayansa lokacin da suka yi daraja. Asusun Mata Masu Dubara, wanda aka fara a Nijar a 1991 da taimakon ƙungiyar CARE, shi ma haka yake aiki. Dalar da ke bakin zane ba ta kwana. Wadda aka zuba a akwati gaban mata ashirin tana nan har ranar rabo. Ba abin kunya ba ne mutum ya nemi irin wannan shinge. Mai yin haka ya san kansa.

Yara kuma suna koyon dakatawa tun a gida. A 2017 aka ba da sakamakon wani gwaji da aka yi wa yara ƴan shekara 4. Aka ajiye wa kowane yaro abin kwaɗayi, aka ce in ya jira minti 10 bai ci ba, za a ƙara masa na biyu. A cikin ƴaƴan manoma na ƙabilar Nso ta Kamaru, waɗanda aka ajiye wa fanke, kusan 70 cikin 100 sun jira. A cikin yaran Jamus, 28 cikin 100 ne kawai. Tarbiyya tana da hannu ke nan. Dara, langa, kacici-kacici, tatsuniyar da ake sa yaro ya maimaita, jiran layi wajen cin abinci, ƙaramin aike da ake ƙara wa nauyi sannu-sannu, duk makaranta ce.

Idan abin ya zama ciwo

Akwai yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya ko kaɗan. Ana magana yana katsewa, yana ɓad da allo da takalmi, ya fara aiki ya bari, a gida haka, a lakkwal haka, a makarantar allo haka, shekara da shekaru. A duniya, kamar yara 5 cikin 100 suna da wannan hali. Likitoci sun san shi, yawanci kuma gado ne. Bulala ba ta maganinsa, sai dai ta ƙara masa tsoro da ƙin karatu. Abin da ke taimakonsa: a kira sunansa, a dube shi ido da ido, a ba shi umarni ɗaya, in ya gama a ba shi na biyu. Mushe ya zaunar da shi a gaba. In ya yi daidai a yaba masa nan take. Akwai magani ga wanda abin ya tsananta, amma likita ne kaɗai ke rubuta shi. Wasu suna girma da halin har su yi iyali.

Ga manya kuma akwai ciwon baƙin ciki. Mutumin da aka sani da himma sai ya daina zuwa gona, ba ya son hira, abinci ba daɗi, barci ya ƙi ko ya yi yawa, ƙaramar shawara ta gagare shi. Idan haka ta wuce mako biyu, ciwo ne, kuma yana da magani. Wajen manya 5 cikin 100 suna fama da shi. Yana yawan kama mata bayan haihuwa: fiye da mace ɗaya cikin goma. Maijego da ke kuka ba dalili, ko ta kasa kula da jaririnta, taimako take bukata. Gori ba ya tashe ta. Wanda ya tsere wa harin ƴan bindiga, ko ya ga kisa da idonsa, shi ma yana iya zama da firgita da mantuwa wata da watanni.

Addu'a da zuwa gidan likita ba sa hana juna. Wani na gida ya raka maras lafiya, don shi zai fi iya faɗin yaushe abin ya fara, yaya barci, yaya ci, ko ana shan wata ƙwaya. Idan ya fi ƙarfin likitar gari, za a ba da takarda zuwa gaba. A babban asibitin Yamai akwai sashen da ke lura da ciwon hankali. Maganin baƙin ciki yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin aikinsa, kuma ba a barin sa don an ji sauƙi sai likita ya ce.

Wanda ya fara cewa gara ya mutu, ko ya ce ya zama kaya ga iyalinsa, kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da maganin ƙwari, igiya da wuƙa daga inda yake, a kai shi gidan likita a ranar.