Ƙarau na Mutanen Dā da Abin da Ya Wajaba a Kan Hakimai

Rumawa sun yi mulkin Masar da Sham da gaɓar tekun Turabulus, sun kuwa shahara wajen aikin ƙarau, watau gilashi. Yashi suke haɗawa da kanwa, su narka a wuta mai tsanani. Kanwar nan irin wadda fatake ke saukewa a kasuwannin ƙasar Daura ce, sai dai tasu daga Wadin Natrun ta Masar ake haƙo ta. Ita ke sa yashi ya narke da wuri. Ƙarfen da ke cikin yashin shi ke ba ƙarau launin kore, in an so shuɗi sai a zuba tagulla kaɗan.

Da fari kwabon ƙarau sai gidan sarauta. Wajen shekara 50 kafin haihuwar Annabi Isa, masu sana'a a ƙasar Sham suka gano dabarar hurawa. Mutum ya ɗebo narkakken ƙarau a bakin dogon bututu, ya hura, ya yi ta juyawa har ya kumbura, sa'an nan ya ja masa wuya da awartaki tun bai huce ba. Daga nan kwalabe da kofuna suka yi araha, har talaka ya samu.

Kayan nan sun shigo Sahara. An tono su a kaburburan Jarma ta ƙasar Fezzan, an kuma sami kofin ƙarau a kabarin Tin Hinan, a Abalessa, cikin 1925. Amma kwalba ba ta jimre wa tafiyar raƙumi. Abin da ya fi ƙetarowa kudu shi ne duwatsun wuya na ƙarau, gama su ba su da nauyi, ba su kuwa saurin fashewa. An sami irinsu a Durɓi ta Kusheyi kusa da Mani, inda aka yi haƙa cikin 1907 da 1992. Waɗannan sun zo bayan zamanin Rumawa da ƙarni masu yawa. A Bida kuma Masaga sun daɗe suna narka ƙarau suna yin awarwaro, suna cewa kakanninsu daga Masar suka fito.

To, a ƙasar Baure manoma da masu haƙar rijiya da masu ɗibar ƙasar gini sukan taras da kufai. Dutsen wuya ɗaya, in an bar shi inda yake, masana na iya faɗin shekarunsa da ƙasar da aka yi shi. In yara suka tsince shi, ko aka sayar wa dillali, wannan shaida ta ɓace ke nan. Tun 1953 doka ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba. Saboda haka ana roƙon Hakimi ya gargaɗi dagatai da masu unguwanni su hana ci gaba da haƙa, malamin hakimi ya rubuta wurin da ranar da zurfin ramin, a aika wa Fadar Daura da gidan kayan tarihi na Katsina.