Bagega: Yadda zinare ke fita, guba ta zauna

Duk wanda ya shiga layin masu sayar da zinare a kasuwannin Kano ko Abuja zai ga sarƙoƙi da awarwaro suna walƙiya a cikin gilashi. Kaɗan ne daga cikin masu saye ke tambayar inda asalin wannan dukiya ya fito. Ɗaya daga cikin wuraren da ake haƙo ta shi ne Bagega, wani gari da ke can cikin dajin Ƙaramar Hukumar Anka a Jihar Zamfara.

Haƙar zinare ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Tun zamanin Turawan mulkin mallaka ake haƙarsa a sassan arewa maso yammacin Najeriya, harkar ta bunƙasa a shekarun 1930, sannan ta ja baya a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan an gano man fetur sai gwamnati ta juya wa ma'adinai baya, mutanen ƙauyuka suka ci gaba da noman gero da dawa, suna taɓa haƙa da rani.

Abin da ya sauya al'amura shi ne rikicin tattalin arzikin duniya na 2008. Masu kuɗi sun ruga sayen zinare don adana dukiyarsu, farashinsa ya yi ta hawa har oza ɗaya ta kai kusan Dala 1,900 a 2011. Manomin da ke jiran kaka kafin ya ga kuɗi sai ya tarar buhun duwatsu zai iya kawo masa riba cikin 'yan kwanaki.

Aikin yana da matakai. Matasa ne ke shiga rami su fasa dutse, a ɗauko a kai wa masu injin niƙa, a wanke garin da ruwa, a zuba zaiba domin ta kama zinaren, sannan a ƙona. Daga nan dillalai ke saye da arha, su miƙa wa manyan 'yan kasuwa, kuma kaso mai yawa na ficewa ta ɓarauniyar hanya zuwa Dubai ba tare da an biya haraji ba.

Matsalar ita ce duwatsun yankin cike suke da dalma. Da yake a cikin gidaje ake dakawa da niƙawa, ƙurar ta gauraye da ƙasar tsakar gida inda yara ke rarrafe. A 2010 ƙungiyar likitocin ƙasa da ƙasa ta MSF ta gano cewa gubar dalma ce ke kashe ƙananan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma da Abare. Aƙalla yara 400 ne suka rasu, wasu kuma suka rayu da lahani a ƙwaƙwalwa.

An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka bakwai, amma Bagega, wadda ta fi su girma, ta jira har 2013 kafin gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin aikin bayan matsin lambar masu fafutuka. Jinkirin ya yi tsada, domin maganin dalma ba ya amfani idan yaro zai koma wasa a kan ƙasa mai guba.

Daga baya 'yan bindiga suka mamaye dazuzzukan, suna karɓar haraji daga masu haƙa. Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilun 2019, amma aikin bai tsaya ba, sai dai ya koma hannun masu makamai. A Disamban 2024 Ministan Ma'adinai, Dele Alake, ya sanar da ɗage haramcin.

A tsarin mulki, ma'adinan ƙarƙashin ƙasa mallakin Gwamnatin Tarayya ne, ita ke ba da lasisi. Don haka nauyi na kanta ta yi wa ƙananan masu haƙa rajista, ta samar da wuraren niƙa da ruwa nesa da gidaje, ta kuma buɗe cibiyoyin saye da farashi na gaskiya. Matuƙar ba a yi haka ba, ribar za ta ci gaba da tafiya birane, ƙurar kuma ta ci gaba da sauka a tsakar gidajen Bagega.