Mai Sofwaya da Ɓarawon da ke Cikin Waya

Masu gyara iri biyu ne a Kasuwar Waya ta Farm Centre da Titin Beirut a Kano. Akwai mai kwance waya, wanda teburinsa ke cike da dalma da ƙananan sukurudireba da na'urar hura zafi, yana canza gilashi ko wurin caji. Akwai kuma wanda da wuya ka ga ya buɗe bayan waya. Jarinsa kwamfuta ce guda, da igiyoyin haɗi, da data, da abin da ke cikin kansa. Shi 'yan kasuwa ke kira mai sofwaya, kwastomomi kuma su ce masa Injiniya.

A da, aikinsa bai wuce falashin da cire makullin da aka manta da loda wa'azi ko fina-finai a memori ba. Yau akwai wani aiki da ya fi waɗannan nauyi, domin dukiyar mutum ce a ciki. Mutum zai zo hankali a tashe ya ce, "Injiniya, duba min wayar nan." Ya buɗe manhajar bankinsa kamar kullum, ta nemi lambar sirri, ya saka. Ta nemi lambobin katin ATM da BVN, wai ana sabunta bayanai, ya saka. Ta ce masa netwok ba kyau, ya sake gwadawa an jima. Kafin an jiman sai ga alat na fitar kuɗi, ko ma babu alat ɗin sam, sai da ya je wurin mai POS aka ce masa asusun babu komai.

Bankin bai tambaye shi komai ba. Wata muguwar manhaja ce ta kwanta a cikin wayar tana jira. Tana ɗauke da jerin sunayen manhajojin banki, kuma da zarar an buɗe ɗaya daga cikinsu sai ta shimfiɗa nata shafin a kai, da tambari da launi da rubutu iri ɗaya, kamar kura ta yafa fatar akuya. Duk abin da aka rubuta a wannan shafi, wurin ɓarawo yake tafiya. Ƙarfinta kuwa daga izini biyu yake zuwa, waɗanda mai wayar da kansa ya danna mata. Na farko shi ne sashen da Android ya tanada domin makafi da masu lalurar hannu, wanda ke ba manhaja damar karanta abin da ke kan allo ta kuma danna maɓalli a madadin mutum. Na biyu shi ne izinin karanta saƙonnin tes. Da shi take tare lambar OTP da banki ya turo, ta aika wa ubangidanta, ta ɓoye saƙon.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A kwamfuta aka fara ta, inda manhajar Zeus, wadda ta bayyana a 2007, ke cusa ƙarin akwatunan tambaya a cikin shafin banki na gaskiya. A 2011 asirin rubutunta ya fita intanet, kowane ɗan damfara ya ɗebi rabonsa. A waya an yi Cerberus a 2019, wadda masu ita suka riƙa bayarwa haya ga wasu ɓarayin. An yi FluBot, mai yaɗuwa ta saƙon tes na ƙarya cewa kana da kaya a hanya, wadda Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gargaɗi a kanta a 2021 kafin 'yan sandan Turai su rushe ta a 2022. A 2022 ɗin ne kuma aka gano Xenomorph a ɓoye cikin wata manhajar share waya mai suna Fast Cleaner, a Play Store kanta, bayan an sauke ta fiye da sau 50,000. Bankuna 56 na Turai ta nufa a lokacin. Sai dai jerin bankunan da ake hari abu ne da ɓarawo ke sauyawa daga nesa, don haka namu ma ba su tsira ba, kuma tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, har mai shayi da mai kayan miya sun koma karɓar tiransifa.

A wurinmu ƙofofin shigar irin wannan muguwar manhaja sanannu ne, kuma mai sofwaya ya fi kowa saninsu. Manhajar da aka turo ta Xender ko ta guruf ɗin WhatsApp. Linkin kyautar data, ko na tallafin gwamnati, ko na bashi ba jingina. Sai kuma WhatsApp ɗin da aka yi wa kwaskwarima, wanda samari ke so domin ganin saƙon da aka goge. A 2021 kamfanin Kaspersky ya sami muguwar manhajar Triada a cikin wani samfurin FMWhatsApp. Abin da ke min ciwo shi ne, wasu daga cikin irin waɗannan a shagon gyara ma ake loda wa mutane su, a kan ɗan kuɗi kaɗan.

A jerin aiki ake bambance gwani da ɗan koyo. Ɗan koyo yana karɓar waya sai ya jona ta a kwamfuta. Gwani kuwa ba ta wayar yake fara yi ba, ta asusun yake fara yi. Zai kashe data da Wi-Fi, ya zare layin, ya saka shi a wata ƙaramar waya mai madannai, ya miƙa wa mai ita ya ce, "Alhaji, kira bankinka yanzu a rufe asusun da katin." Bankuna da dama suna da lambar USSD ta rufe asusu cikin gaggawa, kuma mai sofwaya na kirki yana da su a rubuce a bango ko a littafi. Minti goma da aka ɓata ana neman manhajar na iya zama minti goman da aka kwashe ragowar kuɗin.

Sannan a koma kan wayar. Muguwar manhajar ba ta yarda a cire ta cikin sauƙi. Takan ɓoye tambarinta, ko ta ɗauki suna mai kama da na Google ko Chrome, kuma idan ka shiga saitin domin goge ta sai ta rufe shafin da kanta ta mayar da kai waje. Saboda haka ake tayar da wayar a sef-mod, inda manhajojin da aka sauke daga baya ba sa aiki. A nan zai bi jerin masu izinin karanta allo, da masu izinin hawa kan wasu manhajoji, da masu matsayin mai kula da waya, ya duba wace ce ke karɓar saƙon tes. Ya ƙwace izinin ɗaya bayan ɗaya, sannan ya goge. Wasu sukan ƙara danna ##002# domin soke duk wata karkatar da kira da aka saita a layin.

Ko bayan haka, ni ina tare da masu cewa wayar da aka saci kuɗi ta cikinta sai an yi mata fomatin gaba ɗaya. A kwashe hotuna da lambobin mutane, amma kada a dawo da tsofaffin manhajoji daga ajiya, domin ta nan ɓarawon ke komowa. Kwastoma ba ya son jin wannan. Zai yi ta roƙo a bar masa hirarrakinsa na shekaru. Mai gyaran da ya biye masa bai taimake shi ba.

Babban kuskuren da ya yi yawa a sana'ar shi ne a yi falashin, a karɓi kuɗi, a sallami mutum. Wayar ta tsarkaka, amma lambobin sirrin da aka sata suna nan a hannun ɓarawo. Sai an canza na banki, da na Gmail, an karɓi sabon kati, an saka wa layi makulli. Kuma dole a faɗa wa mutum gaskiya cewa mai sofwaya ba ya dawo da kuɗi. Wannan aikin banki ne, idan an kai rahoto da wuri, sai sashen kare haƙƙin kwastomomi na Babban Bankin Najeriya idan bankin ya yi jan ƙafa, sai 'yan sanda da EFCC. Duk wanda ya ce a ba shi wani abu zai yi kutse ya dawo da kuɗin, damfara ta biyu yake shiryawa.

Babu makarantar da ke yaye yawancin masu wannan aiki. A gaban oga ake koyo, a YouTube, a guruf-guruf na masu gyara inda ake musayar fayil da dabara. Abin da ya fi wuyar koyarwa shi ne amana. Wayar da aka buɗe aka ajiye a tebur tana ɗauke da hotunan iyali da saƙonnin banki da sirrin kasuwanci, kuma yaron shago yana iya ganin komai. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga bayanan mutum ba da izini ba, amma tun kafin doka, ogan kirki ba ya tambayar lambar sirrin banki. Idan ana buƙatar gwada manhajar, juya wa mai ita allon yake yi, ya kawar da kansa.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin kasuwannin waya da su mayar da wannan jerin aiki darasin dole ga duk yaron da za a yaye, su kuma hana loda manhajojin da ba a san asalinsu ba a shagunansu. Kai kuma mai karatu, ranar da manhajar bankinka ta tambaye ka lambobin kati ko BVN ba gaira ba dalili, kada ka rubuta komai. Kashe data, ka kira bankin da wata wayar, sannan ka nemi Injiniya.